Inda Aka Ajiye Takarda

Shekara tara ke nan da rasuwar kawuna, Malam Ummaru Masinja, amma ban taɓa jin rashinsa kamar makon nan ba.

Tun da aka fara noman rani a bayan madatsar Goronyo, shi ke kai wasiƙun ƙungiyarmu ta manoma a kan kekensa, daga Wurno har ƙauyukan Rabah. Bai iya boko ba, sai dai ya fi mu karatu. Ranar da na fara aikin sakatare ya dawo daga aike, na tambaye shi me dattijon da ya kai wa wasiƙa ya ce.

"Ɗana, bar tambayar mi yac ce," in ji shi. "Tambayi ina yas sa takarda."

Dattijon ƙasar nan ba ya ce wa mutum a'a a fili, balle ya rubuta. Kowa "mun ji, mun gode" yake cewa. Wanda ya sa wasiƙa a aljihun gaba ya yarda. Wanda ya tura ta ƙarƙashin tabarma, to da sauran magana, sai a sake zama kafin a taɓa ruwa. Labarin zuciya a tambayi fuska, Kawu kuwa har hannu yake tambaya.

Yanzu imel muke aikawa, kuma ban raina saurinsa ba. Ranar Litinin na tura wa shugaban manoman wani ƙauye kusa da Boyekai sabon tsarin rabon ruwa, wanda ya rage musu kwana guda a mako, ga shi sun yi dashen albasa. Kafin la'asar amsa ta iso: "Mun gani, mun gode."

Tun ranar nake ta sake karanta amsar. Asabar za a juya ruwan. Idan yarda ce, madalla. Idan ba ita ba ce, mutane za su haɗu a bakin magudana da fartanya a hannu, kuma da sa hannuna a tsarin. Da Kawu na nan, na san dariya zai min, ya ce na aiki makaho ganin wata.

Bai bar gona ba, bai bar rubutu ba, abin da ya bari shi ne zuwa da kai ya fi aike. Na buga saƙon a takarda, gobe zan hau babur in kai da kaina. Tsorona ɗaya ne. Shekara goma sha biyu muna ofis guda, ban taɓa bin sa ko sau ɗaya na ga yadda ake kallon hannun mai karɓar takarda ba.