Sau Biyu Muka Rasa Ubale

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya iso mini, ina tsakar gida da kofin koko a hannu. Ubale ya rasu.

Har yanzu ban yi kuka ba. Ba jarumta ba ce, jikina ne kawai ya mutu, kamar wanda aka yi wa allura za a cire masa haƙori.

'Yan ajinmu sun san me ya sa wannan rubutun yake mini nauyi. Wanda bai sani ba ya yi haƙuri ya karanta, yau ba ni da wanda zan faɗa wa sai ku.

Ubale abokin karatuna ne a sakandaren kwana. Aji ɗaya, hostal ɗaya, gadonsa a ƙasa nawa a sama, shekara shida. Ni daga Ƙofa, shi daga bakin dam. Iyayensa na cikin mutanen da ruwan Tiga ya tasa daga garinsu, suka koma kamun kifi da noman rani.

Duk dawowa hutu akwatinsa warin busasshen kifi yake yi. Mu yi ta toshe hanci muna masa tsiya. Amma da an shiga sati na uku, tuwon makaranta ya fara gundurar mutane, sai ka ga masu toshe hancin nan sun yi layi a bakin gadonsa. Bai taɓa yi wa kowa gori ba. Zai ɓantaro ya miƙa maka ya ce, "Ci mana. Hancinka ne ba ya so, cikinka bai ce komai ba."

Akwai wata ranar bizitin da ba wanda ya zo mini daga gida. Na zagaya bayan aji na zauna, wai don kada a gane. Shi ya nemo ni, ya ja hannuna har gaban mahaifiyarsa, ya ce, "Inna, ga ɗanki na biyu." Kwano ɗaya ta zuba mana dambu, ta tura mini inda man ya fi yawa.

Muna aji huɗu zazzaɓi ya kayar da ni, shi ya goya ni har ɗakin shan magani, yana tafe yana mitar wai na cika nauyi ga shi ba na cin komai.

Da muka gama, ni na wuce kwaleji, shi ya koma ruwa. Zumunci ya yi ta sanyi har ya zama sai in an haɗu a kasuwa.

Shekara goma sha uku ke nan, ina kasuwar Ƙafin Maiyaki, wani mai sayar da kifi ya ce mini kwale-kwale ya kife a dam, an rasa mutane, har da Ubale. Na yi salati, na ƙarasa cefanena, na koma gida na yi ta buga wa mutane waya. Ni na yaɗa labarin. Kuma da yake ni ne sakataren ƙungiyar ajinmu, da hannuna na sa sunansa a jerin mamatanmu.

Ban je gaisuwa ba.

Na ce sai ranar uku, uku ta wuce. Na ce sai bakwai. Daga nan kunya ta kama ni, na ce da wane ido zan je bayan wata biyu. Sauran ma kowa ya ɗauka wani ya je a madadinsa. Mu kusan arba'in, ba wanda ya taka.

Amma addu'a kam, ba a magana. Da muka buɗe gurup a waya, duk azumi sai na saka tsohon hotonsa na makaranta, a yi ta ruwan "Allah ya jiƙansa" da sitika. Ni ne ma mai rubuta mafi tsawo.

Wata biyu da suka wuce muka yi taron cika shekara talatin da gama makaranta. Shekara guda muka yi muna shiri. Aka fitar da anko, aka kafa kanofi a filin asambili, aka yi wa tsohon ajinmu fenti, aka ba da sanarwa a rediyo har sau uku. A bakin get muka rataya ƙatuwar fosta mai hotunan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Ubale na tsakiya, da manyan kunnuwan nan nasa.

Muna da wata al'ada a duk taronmu. Malam Garba, tsohon malamin ajinmu, shi ke kiran suna daga tsohuwar rajista, ɗaya bayan ɗaya, yadda yake yi kowace safiya a da. Mai rai ya miƙe ya amsa. In aka zo kan mamaci sai a yi shiru, monita ya ce Allah ya jiƙansa, mu ce amin.

Malam ya tsufa ƙwarai, sai an riƙe masa makirfo. Ya kira Ubale. Monita ya buɗe baki ke nan, sai muka ji murya daga can baya, wajen da 'yan acaɓa suke ajiye babura.

"Ina nan, Malam."

Wani siririn dattijo ne, gemu ya yi fari, ba anko, sai shuɗiyar riga da ta sha wanki, da rabin buhun dankali a gefen ƙafarsa. Ba wanda ya motsa. Na ga wani babban Alhajinmu ya ja kujerarsa baya a hankali.

Malam Garba ya cire tabarau ya ce, "Zo nan in taɓa ka." Da ya iso sai Malam ya kama kunnensa, irin kamun da, ya ce, "Ka makara." Nan fa wuri ya kaure, masu dariya na yi, masu kuka na yi, wasu sun haɗa duka biyun.

Ashe yana cikin kwale-kwalen, amma shi ya fita. Ƙanensa ne bai fita ba. Tun daga ranar ya kasa kallon ruwa, ya tattara iyalinsa ya koma wani ƙauye a ƙasar Doguwa, wajen dangin matarsa, ya kama noman masara da dankalin turawa. Wayarsa ƙarama ce, kuma garin ba sabis sai an hau dutse. A rediyo ya ji sanarwar taron.

Ya ce da ya sauka a get ya daɗe yana kallon fostar. Ya nuna wa mai gadi hotonsa ya ce, wannan fa? Mai gadi ya ce ai ya jima da rasuwa, an ce mutumin kirki ne. Shi kuma ya ce, "To alhamdulillahi, ko ba komai shaida ta yi kyau."

Mun yi dariyar wannan har hawaye. Ni dai tawa dariyar ba ta kai ciki ba.

Bayan an ci abinci ya ja ni gindin darbejiyar bayan hostal. Na fara kame-kamen ba da haƙuri, ya ɗaga mini hannu.

"Sakatare, addu'ar da kuka yi mini ba ta faɗi ƙasa ba, tana can tana jirana. Na gode. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. A ce na mutu, kuma ba mutum ɗaya da ya tako ya ce wa Inna sannu? Da kun zo, ai a kan tabarma za ku same ni, muna zaman makokin ƙanena."

Na sunkuyar da kai.

"Har ta rasu tana tambayata ina ɗanta na biyu. Sai in ce mata aiki ne ya yi maka yawa."

Bai faɗa da fushi ba. Da ma ya yi fushin da ya fi mini sauƙi. Ya karkaɗe hularsa, sannan ya ce, "Ya wuce. Amma in mutuwar ta gaskiya ta zo, kada ku tsaya a waya. Ku zo da ƙafarku."

Na ce in sha Allahu, kafin nan ma zan zo masa yini da zarar na gama yankan shinkafa. Na rubuta masa lambata a bayan takardar tsarin taro, ya ninke ya sa a aljihu. Ya raba mana dankalin, kowa 'yan ƙwaya biyar-biyar, ya hau acaɓa ya tafi don kada ya rasa motar Doguwa.

Ganina da shi na ƙarshe ke nan. Na gama yankan shinkafa sati uku da suka wuce, ban je ba.

Yau wajen shida da rabi baƙuwar lamba ta kira ni. Muryar wani dattijo, tana yankewa. Na dai ji ya ce shi ne Malam Ya'u yayan Ubale, na ji "ciwon ƙirji", na ji "da asuba", sai layin ya katse. Na kira ya fi sau ashirin, ba ta shiga.

Na rubuta a gurup. Amsa ta farko da ta shigo ita ce, "Sakatare, ka kuma?" da fuskokin dariya. Wani ya ce don Allah a bar bawan Allah ya ci dankalinsa. Ciyaman ɗin ƙungiyarmu ya kira ni ya ce kada mu sake jin kunya a idon duniya, a tabbatar tukuna kafin a tayar wa mutane hankali.

Na goge abin da na rubuta.

Ba na ɗora wa kowa laifi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Ni kaina na fara cewa ko ban ji daidai ba, ko cewa ya yi yana asibiti. Mukullin mota na aljihuna, akwai mai a ciki. Da na tashi a lokacin, kafin goma ina garin. Sai na zauna a ƙofar gida ina neman wanda ya san wani a Doguwa.

Aka samo surukin wani ɗan ajinmu a Tudun Wada. Shi ma sai da ya gama abin da yake yi, ya nemi ɗan acaɓa, ya tura shi ƙauyen, ɗan acaɓa ya je ya dawo inda sabis yake. Sha biyu ta gota kafin saƙo ya zo cewa gaskiya ne.

Mu huɗu muka shiga motata. Muka bi ta Kwanar Ɗangora, muka wuce Tudun Wada, muka shiga dajin Falgore.

Ƙarfe uku ta wuce muka isa. Mutane na zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, wasu ƙafafunsu duk jar ƙasa. Da ganin haka na san an riga an dawo.

Wani dattijo mai kama da Ubale ya taso, ashe shi ne Malam Ya'u. Muka gaisa, muka yi masa ta'aziyya, ya sa aka kawo mana ruwa. Sai da muka sha sannan ya ce, "Ku ne 'yan ajin nasa?"

Na ce mu ne, Baba.

Ya ce, "Sannunku da hanya. Da ƙarfe tara aka so a kai shi, ni na hana. Tun da ya dawo daga taron nan naku ba shi da hira sai taku. Jiya da jikin ya matsa ya ba ni takardar nan, ya ce in ta Allah ta kasance in kira wannan lambar, za su zo. To, mun jira. Da aka idar da azahar liman ya ce ba a ajiye gawa haka, haƙƙinta ne a gaggauta. Sai muka sallace shi."

Ya miƙo mini takardar. Rubutuna ne.

Bai tambaye mu me ya tsare mu ba, mu ma ba mu faɗa ba. Ya sa takalmi ya raka mu maƙabarta. Ƙasar ko bushewa ba ta yi ba. Na tsuguna, na ɗaga hannu, na rasa ta inda zan fara. Fatiha kawai na iya karantawa.

Sauran ukun sun juya. Ni na ce wa Malam Ya'u ya ba ni tabarma a zaure, ina nan har a yi uku. Yanzu haka a kan dutsen bayan gari nake zaune, nan ne kaɗai waya ke shiga.

Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya bakwai. Masararsa na tsakar gida ba a gama sussuka ba.

'Yan ajinmu, na ga saƙonninku sun fara shigowa, na gode. Jibi ne addu'ar uku. Wanda ya samu iko ya zo, a tambaya a tashar Doguwa, zan tsaya a bakin hanya in shigo da ku.

Ya Allah, ga bawanka Ubale ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Ka ciyar da shi kamar yadda ya ciyar da mu lokacin da muke jin yunwa. Ka sada shi da Inna da ƙanensa a Aljanna Firdausi. Ka tsaya wa iyalinsa, ka ba Malam Ya'u haƙuri. Mu kuma ka yafe mana, ka sa mu cika da imani in tamu ta zo.

Duk wanda ya karanta wannan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, don Allah ka yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku, ka sa shi a sujadarka. Ni ma ku roƙa mini gafara.

Wannan karon na ga kabarin da idona.