Tambayar da Baba Jakada Ya Bar Mini

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, goma sha biyu ga Sha'aban 1446, daidai da sha ɗaya ga Fabrairun 2025, Allah ya karɓi ran Haldun Erdenli a wani asibiti a nan Dubai, bayan 'yar gajeriyar jinyar ciwon zuciya. A ƙasarsa ta Turkiyya an san shi marubucin waƙoƙin soyayya kuma tsohon jami'in jakadanci. Mu 'yan kasuwar Deira, Baba Jakada muka sani. Ya rasu ya haura shekara tamanin.

Baba, ya kamata a ce baƙin ciki ne kaɗai ya zaunar da ni rubutun nan. Akwai shi, ba zan ɓoye ba. Amma tun da muka dawo daga maƙabarta nake jin kaina sakayau, kamar ɗan dakon da aka sauke wa kaya, kuma kai ka san dalili. Waɗanda ba su sani ba zan faɗa musu, tunda kai ma ba ka taɓa rufe zancen ba.

A cikin abra muka haɗu, ƙaramin kwalekwalen da ke ƙetarar da mutane zuwa Deira. Ni da Alhaji Badaru mai kamfanin kago, wato jigilar kaya, muna zaune, muka ga tsoho fari sol cikin kwat da laƙtaye a tsakiyar zafin da ke narkar da kwalta. Muka sa ka gaba da Hausa, muna ganin ba mai ji. Sai da muka gama tsaf ka juyo ka ce, "Samari, kwat ɗin tawa ce, zufar ma tawa ce." Saura kaɗan Badaru ya faɗa ruwa don kunya. Ashe ka yi aiki a Legas tun tana babban birni, kuma duk hutun da ka samu Kano kake tahowa. Hausarka ta tsaya a wancan zamanin. Kana ƙirga kuɗi da sule, kana tambayar mutanen kasuwar Kwari da jikokinsu ma sun tsufa.

Tun daga ranar ka zama ɗan majalisarmu a shagon shayi na bayan tashar Al Sabkha. A nan muka tsinci tarihinka guntu-guntu, don ba ka son a tambaye ka kai tsaye. An haife ka a wani garin masunta a gaɓar Baƙin Teku. Ka fara rubuta waƙa tun kana makaranta, ka shiga aikin jakadanci kana saurayi, aka yi ta cilla ka ƙasa ƙasa, daga Afirka zuwa gabashin Asiya. Ka bar littattafan waƙa bakwai. Wani Baturke mai sayar da darduma ya rantse mana cewa a garinsu ba a gama biki sai an rera ɗaya daga cikinsu, kai kuwa ka ce kada mu saurare shi, ciniki yake nema.

Ni ba na jin Turkanci, saboda haka ba zan yi ƙaryar na san zurfin waƙarka ba. Na dai san wadda ka taɓa fassara mana, ta mutumin da ya ƙi wanke kofin shayin matarsa bayan ta yi tafiya, saboda shatin leɓenta yana jiki. Badaru ya ce a Kano wannan ƙazanta ake kiransa. Ka yi dariya har da tari. Amma na lura waƙar ta taɓa kowa a majalisar, don yawancinmu matanmu suna gida, mu muna nan.

Alherinka gare mu ba ya ƙirguwa. In masaƙa a garin Bursa na Turkiyya ta aiko wa mutum kayan da ba su ya zaɓa ba, kai ake kawo wa waya. Sai ka gyara zama, ka fara da tambayar lafiyar iyayen mai masaƙar, kafin a ankara an canza kaya har da ban haƙuri. Da rigima ta raba wasu 'yan'uwa biyu masu shago ɗaya, mu muka yi ta zuga, kai ka yi ta kai gwauro kana kai mari tsakaninsu har suka ci abinci a faranti ɗaya. Ba ka taɓa karɓar ko kwabo ba. Shayi kawai, shi ma sai ka kushe shi, ka ce wanda ya fara zuba madara a shayi zai yi bayani.

Ni nawa alherin daban ne. Wata rana na roƙe ka ka tsara mini kalamai in tura wa matata Sa'adiyya, don ta yi fushi na daɗe ban je gida ba. Na ɗauka ga gwani na samu. Sai ka ɓata rai irin yadda ban taɓa gani ba, ka ce, "Ɗalhatu, kada ka aika mata waƙa. Sayi tikiti." Na ji haushi ranar, na ce a raina tsoho ya cika shisshigi. Yau Sa'adiyya da yaran suna nan tare da ni, a matse muke amma muna tare.

A ranar da ka ce in sayi tikitin ne ka ba ni labarin Sabiha, matarka, wadda duk waƙoƙin littattafan nan bakwai ita aka yi wa. Ka ce tun da wuri ka gane cewa kewa ce take ba ka waƙa, sai ka shiga neman kewar da kanka. In aka ba ka zaɓi, ƙasa mai nisa kake ɗauka. Ita tana gida da 'yarku tilo, Nilufar, tana jin sunanta a rediyo, ba ta da wanda zai kai ta asibiti. Har ta rasu kana wata ƙasa. Tun daga nan Nilufar ta daina yi maka magana. Ta zama likitar haƙori, aiki ya kawo ta Dubai, kai kuma da ka yi ritaya ka biyo ta ka kama ɗan ɗaki a Deira. Ba ka taɓa buga mata ƙofa ba. Ka ce so kake dai, in ta taɓa kira, a wannan karon a same ka kusa.

Ba ta kira ba. Na taɓa zuwa asibitinta ba tare da saninka ba. Ta karɓe ni da mutunci, ta ba ni shayi, ta ce in gaishe ka kamar yadda ake gaida maƙwabci. Na fito ina ta huci, ina cewa wace irin zuciya ce wannan. Da na gaya maka, ni ka yi wa faɗa. Ka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sannan ka ɗora mini nauyin da ya hana ni sukuni. Ka ce a ƙasarku, idan an ajiye gawa, liman yakan juyo ya tambayi jama'a: yaya kuka san mutumin nan? Kun yafe masa haƙƙinku? Su kuma su amsa. Ka ce a nan ba a yin haka, kuma abin da kake tsoro ke nan, a rufe ka ba a tambaya ba. Ka sa na yi alkawari ni zan tambaya. Na amsa da sauri, irin amsar ɗan kasuwa. Daga baya na gane ba amsarmu kake nufi ba. Me ka taɓa yi mana da za mu yafe?

Da ka rasu, Nilufar ce ta yi duk zirga-zirgar takardu, ba ta bar wa kowa ba, amma ba ta shiga ta ga fuskarka ba. Washegari bayan la'asar aka yi maka salla a masallacin maƙabartar Al Quoz, kamar yadda ka yi wasiyya a binne ka inda ka faɗi. Mutanen Deira sun rufe shaguna sun zo, har da 'yan Nijar da masu ɗaurin kaya. Na roƙi liman, ya ce ba a saba ba, amma neman yafiya ba laifi ba ne, in dai hanzarta. Na juyo na yi tambayar. Sahu ya amsa gaba ɗaya: mun san shi mutumin kirki, mun yafe. Na ji daɗi, amma mai haƙƙin ba ta cikin sahu.

Badaru ne ya taɓa ni ya nuna mini bakin ƙofa. Motar Nilufar tana can, tana ciki ita kaɗai, tunda mata ba sa shiga. Na ce wa masu ɗaukar makara su dakata. Wasu suka fara gunaguni, na san kuma suna da gaskiya, gawa ba ta jira. Na dai tafi.

Ta sauke gilashi. Da Turanci muka yi magana. Na ce, "Likita, amana ya bar mini. Kin yafe masa haƙƙinki?"

Ta kafa wa sitiyari ido. Na tsaya har tsayuwar ta zama rashin kunya. Na ce a raina shi ke nan, na yi nawa, na juya zan koma da mugun labari ga wanda ba zai ma ji ba. Sai na ji ta ce a bayana, "Malam, a wurinmu sau uku ake tambaya."

Baba, ba ka taɓa gaya mini haka ba. Ko ka faɗa hankalina yana kan kwantena, Allah ne masani. Da na yi sauri kaɗan da na cuce ka.

Na dawo na sake tambaya. Ta ce, "Haƙƙin mahaifiyata ba a hannuna yake ba. Wannan tsakaninsu ne da Allah."

Na tambaya na uku. Sai ta faɗi kalma biyu da harshenku, ta maimaita mini yadda zan gane: "Nawa na yafe." Ta ɗora kai a kan sitiyari tana kuka. Ni ma ban iya riƙe nawa ba, ƙato da ni, a bakin titi.

Na koma da sassarfa. Ban yi wa kowa bayani ba, na kama gefen makara kawai na ce mu tafi. Ni na shiga kabarin na karɓe ka, kuma wallahi ban taɓa saka mutum a ƙasa da zuciya mai sauƙi irin ta ranar ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga Nilufar, wadda ta ba da abin da ya fi ƙarfin kuɗi a lokacin da ba wanda zai iya tilasta ta. Allah ya huci zuciyarta, ya musanya mata shekarun da ta rasa. Ina yi wa danginka na gida ta'aziyya, da masu rera waƙoƙinka waɗanda ba su san ka ba, da majalisarmu ta Al Sabkha.

Allah ya jiƙan ka, Baba Jakada. Ya yalwata makwancinka, ya sa alherin da ka yi wa baƙi ya bi ka. Saura haƙƙi ɗaya, wanda ba ni da bakin tambayarsa. Ya Ubangiji, ka jiƙan Sabiha, ka cika mata ladan haƙurinta har ta gamsu ta yafe, sannan ka haɗa su a gidan da ba a yin tafiya a bar kowa. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.