Injin Kafe a Tsakar Gidanmu

Shekarar da gyaɗa ta ƙi, kamfanin da maigidana yake wa aiki a Zinder ya rufe. Baturen da ke shugabantarsu, da zai tafi, sai ya bar masa wani tsohon injin dafa kafe, wato gahawa, mai tukunyar tagulla da dogon hannun ƙarfe da ake dannawa ƙasa. Ya daɗe da lalacewa. Maigida ya ce zai gyara shi ya riƙa sayar wa direbobi kafe a tasha.

A lokacin gidanmu ya cika. Surukata, Inna, ta baro garin Dogo tare da matan ƙannen maigida, don ko zangarniya ɗaya ba su yanka ba. Ruwa kuwa ni nake bin layin famfo tun asuba, wata rana in dawo da tulu ɗaya.

Maigida ya baje injin a kan tabarma. Cikin tukunyar duk farin dutse ya kama. Ya ɗebi tsamiyar da nake tattali don kunu ya jiƙa ta a ciki don ta cinye dutsen. Inna ta gani.

"Ɗan nan," ta ce, "ƙarfe kake shayarwa, mutane na kallo?"

Bai ɗago kai ba. Robar ciki ta ruɓe, ya yanko wata daga tsohuwar tayar keke. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne wani murɗaɗɗen ƙarfe da ke ƙarƙashin hannun injin, wanda in ya kufce zai iya fasa wa mutum haƙora.

"Ke, zo ki danne min nan. Ko me kika ji, kada ki saki."

Na danne da duk ƙarfina, fuskarsa dab da ƙarfen, har ya ɗaure notin ƙarshe.

Wayar wutar injin ta ƙone, don haka da la'asar ya cika tukunyar daga tuluna ya ɗora ta a kan garwashi. Muka yi cirko-cirko. Ta fara ƙugi, sannan ta yi tsit. Ƙaramar hudar da tururi ya kamata ya fita ba ta ko huci.

"Maigida, sauke ta," na ce.

"Bari kaɗan."

Tagullar ta soma ƙas-ƙas. Inna ta ja matan zuwa zaure tana salati. Sai ya miƙa hannu ya ja hannun injin. Robar ta fashe, tururi ya feso masa a damtse, tukunyar ta kife, ruwan ya bi ƙasa ya shanye a gabanmu.

Na shafa masa man shanun da ya rage. Fatar ta saɓule har gwiwar hannu, bai ko yi ƙara ba. Daren nan ba a dama kunu ba.

Da hannunsa ya fara warkewa, ya huda hudar da allura, ya yanko roba mai kauri daga tayar mota. Wannan karon maƙwabciya na roƙa ruwan. Kafen ya ɗiɗɗigo baƙi ƙirin, da kumfa a samansa. Ya zauna a tasha da injin har damina ta gaba, kafin ya samu aikin gadi a wani sito.