Wasiƙar Kaka da Ban Aika Ba

Ranar da muka tashi daga gidan haya na unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi muka koma namu a Gwadangaji, matata ce ta tsinci ambulan ɗin. Tana kakkaɓe tsofaffin littattafaina ya faɗo daga cikin ƙamus. Ta miƙo mini ta ce, "Wannan ta waye ba a buɗe ba?"

Na gane rubutuna tun kafin in karɓa. Na ce mata tsohuwar takarda ce, na sa a aljihu, na ci gaba da jidar kaya. Amma ranar ban iya cin abincin rana ba.

Wasiƙar kakana ce, mahaifin babana. Mutumin Argungu ne, masunci a ƙuruciyarsa, manomin shinkafa da ya tsufa. Ya je yaƙin Bama tare da ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, ya dawo shi kaɗai. Mu jikoki abin da muka sani ke nan. Idan ya fara labarin daji da ruwan sama da matsattsaku sai mu riƙa ƙifta wa juna ido, mu zame ɗaya bayan ɗaya. Labarin ƙanen kuwa bai taɓa ba mu ba.

Shekarar da na fara koyarwa a Birnin Kebbi na je Argungu hutu. Bayan la'asar ya kira ni zaure, ya sa na zo da biro da takarda.

Ya ce, "Yanzu kai malami na, kana jin Turanci. Ka rubuta ma Turawa, ka tambaye su inda ƙanena yake."

Ranar ce ya ba ni labarin. Shi ne ya ja ƙanen nasa suka shiga soja, ba da son mahaifiyarsu ba. A can aka sa su cikin masu ɗaukar waɗanda aka ji wa rauni. Zazzaɓi ya kama yaron a daji har ya daina gane mutane. Kaka da kansa ya ɗauke shi zuwa inda jirgin sama ke kwasar marasa lafiya, ya ga an rufe ƙofa, ganin ƙarshe ke nan. Da aka gama yaƙi wani sajan ya ce masa ya rasu, wani kuma ya ce ya gan shi da rai a Indiya.

"Da nid dawo, Inna ba ta ce mani sannu ba," in ji shi. "Cewa tay yi, ina kab baro shi? Har ta rasu ban da amsa. Ko sadaka ba ta bari anka yi mashi ba."

Ya karanto mini lambarsa ta soja da ta ƙanensa da ka, cikin Turancin bariki, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na rubuta wasiƙa mai kyau, na karanta masa, na fassara. Ya dangwala yatsa da tawadar biro a ƙasa. Na liƙe ambulan na ce da na koma zan kai gidan waya.

Ban kai ba. Ban san adireshin da zan rubuta a bayanta ba, kuma na ji nauyin in tambayi abokan aikina, kada a ce sabon malami bai san komai ba. Na sa ta cikin ƙamus da niyyar sai mako mai zuwa. Lokacin kuma ina neman aure, hankalina yana wani wuri. A raina ma na riga na yanke cewa babu Baturen da zai zauna neman sunan wani ɗan masunta da ya ɓace shekaru masu yawa.

Da na koma Argungu da sallah, kafin in cire takalmi ya ce, "Ka aika ta?"

Na ce, "Na aika, Kaka."

Ya gyaɗa kai. Ya ce su Turawa ba su gaggawa, amma ba su yar da takarda, shi ya zauna da su ya gani. Daga nan duk zuwan da zan yi sai ya tambaya, ni kuma in ce shiru har yanzu. Akwai lokacin da na ƙara da cewa an ce a jira, don kawai in ga fuskarsa ta saki. Ta kuwa saki, har ya sa aka ba ni busasshen kifi in kai gida. Shekara shida muna haka. Daga baya na rage zuwa Argungu, alhali tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Ranar da ya rasu ina wurin taron malamai, sai da aka dawo daga maƙabarta na isa.

Bayan tashinmu zuwa Gwadangaji da kwana uku na buɗe ambulan. Lambobin biyu suna nan, da sawun yatsansa. Na fara da ofishin tsofaffin sojoji. Wani dattijo da ya yi yaƙin basasa ya karɓe ni, ya ce su takardun mutanen Bama ba su hannunsu, amma ya rubuta mini wurare biyu da ake tambaya, ɗaya a nan ƙasar, ɗaya a Ingila. Na tambaye shi ko a da ma in an rubuta ana samun amsa.

Ya ce, "Wasu sun samu, wasu ba su samu ba. Wanda bai rubuta ba dai bai samu ba."

Bai san me ya faɗa mini ba. Na yi masa godiya na fita.

Aikin ya ci wata bakwai. Da suna ban sami komai ba, domin magatakardan soja sun rubuta sunayen yadda kunnensu ya ji, suka liƙa sunan gari a matsayin sunan uba. Na aika saƙo ta imel, aka ce in cike fom, aka ce in kawo shaidar cewa ni jikansa ne. Na je kotu na yi rantsuwa, na sake aikawa. Sau biyu ana dawo mini da cewa ba a gani ba. Sai wata mata a gidan adana takardu na Ingila ta ba ni shawarar in bar suna in bi lamba. Lambar da tsoho ya haddace ce ta yi aiki.

Bayanin Kaka da suka aiko mini shafi biyu ne kawai. Tsayinsa, tabon da ke goshinsa, sana'arsa kafin soja, ranar shiga da ranar sallama. An rubuta cewa an ji masa rauni a cinya. Ni duk rayuwata na ɗauka ɗingishinsa ƙaya ce ta kifi ko tsufa.

Na ƙanen ya fi gajarta. Jirgin ya kai shi asibitin soja a Indiya, ya yi kwanaki kaɗan ya rasu. An binne shi a maƙabartar sojoji, kuma masu kula da ita suna da hoton kowane kabari. Ina ofishin malamai hoton ya shigo wayata. Farin dutse ne a kan ciyawa mai kyau, da lambarsa, da sunansa a karkace, da rubutun Larabci a sama. Na kife wayar a kan tebur na tafi aji, na koyar da darasin da har yau ban tuna mene ne ba.

Ranar Asabar na buga hoton a takarda na shiga motar Argungu. A cikin 'ya'yan Kaka saura Gwaggo kaɗai, ƙanwar babana, ita ce ta yi jinyarsa. Na same ta a tsakar gida tana tsinar shinkafa. Na miƙa mata na fara bayani. Ta ce in dakata, ta ɗauko tabarau, ta karanta Larabcin da kanta a hankali.

Ta ce, "Ashe Musulmi sunka rufe shi." Ta shafa hoton da yatsa. "Ashe amsar ta zo. Baba ya ce za ta zo."

Da na yi shiru da maganar ta tafi a haka. Na ji sha'awar yin shirun ƙwarai. Amma na ciro tsohon ambulan na ajiye a kan tabarma, na ce, "Gwaggo, waccan wasiƙar ban taɓa aika ta ba. Ƙarya na yi masa. Wannan amsar sai a bana na neme ta."

Ta dubi ambulan, ta dube ni. Ba ta ɗaga murya ba.

"Kowace Jumma'a in ya taso masallaci sai ya biya gidan waya," in ji ta. "Da ƙafa ta ƙi, ni yaka aike. Ni ma na yi ta zuwa, ɗana."

Wannan ban sani ba. Na ce ta yafe mini. Ta ce nata ta yafe, tafiyar ba wani nisa gare ta ba. Na Baba kuwa ba ita ke da shi ba, sai in roƙi Allah, in yawaita yi masa addu'a. Ta koma kan tsinar shinkafarta, ni kuma na zauna a gefe ban san inda zan sa hannuwana ba.

Can ta ce in je in gaya wa limamin unguwa, mako mai zuwa za a yi wa ƙanen Baba sadakar da ba a taɓa yi masa ba. Aka dafa shinkafa da kifi, aka toya waina, dattawa suka taru a zaure. Babu ko mutum ɗaya a cikinsu da ya taɓa ganin mamacin. Liman ya sa na tashi na karanta abin da takardun suka ce, mutane suna ta sa mini albarka, suna cewa jika ya yi abin kirki. Gwaggo tana jin su daga cikin gida, ba ta gaya wa kowa zancen wasiƙar ba, har yau.

Da zan tafi ta riƙe hoton kabarin, ta ce a wurinta zai zauna. Ta raka ni bakin ƙofa, ta tambayi yara, ta ce in kawo su hutu su ga gonar kafin a yanke shinkafa. Na ce to. Wannan karon na kawo su.