Mai Awon Yashi a Bakin Teku

Sau ɗaya muka yi faɗa da shi. Iska ta dame ni, na tuge wani turke mai jan ƙyalle na danne tabarmata, ashe da shi yake auna yashin da teku ta cinye. Da Hausarsa ta Gana ya ce, "Mama, kin ɓata mini aikin wata guda." Na ce, "To wa ya ce ka kafa turke babu akuya?"

Har yau ban san sunansa ba. Duk Asabar da 'yata ta kawo ni shan iska nan Doha ina ganinsa, dogo siriri, hular kwano ta yi masa yawa. Tifa ta juye yashi, katafila ta baje, shi kuma ya durƙusa ya auna ya rubuta. Kafin mako ya zagayo ruwa ya kwashe rabi. Ba ya ko tsaki. Ina jin akwai wani gida can ƙasarsu da ruwa ya riga ya ci, tun da daɗewa.

Jiya na miƙa masa dabino na ce, "Ɗan nan, karɓi. Ita teku kullum kuna ɗura mata yashi ba ta ƙoshi, kai fa wa ke ba ka?"