Na Bakin Raga Ba Ya Waiwaye

Ƙwallon na fara gani kafin mai ita. Ina komawa gida daga sakatariya a kan keke sai ta tsallako katangar gidan saukar baƙi na Gumel, 'yar ƙarama, ta sha duka har ta yi sanƙo kamar kan ungulu. Na ɗauka na leƙa. Wata sista ce ta asibiti, 'yar Filato, riƙe da abin dukan tanis tana miƙo mini hannu. A littattafan soyayyar da nake haya a kasuwa, haka ake farawa. Washegari na tashi ɗan tanis.

Mai kula da filin tanis ɗin wani dattijo ne da muke ce wa Baba, jami'in wasanni da aka turo bayan an ƙirƙiro Jigawa. A ƙuruciyarsa da tanis yake ci yake sha, ya buga a Kaduna da Legas har Yamai. A wasan ɗaiɗai bai taɓa ɗaukar kofi ba, amma a wasan bibbiyu shi da abokinsa sun addabi mutane, har sai da gwiwa ta zaunar da shi. Filin nasa da safe na masu shanya zoɓo ne. Da la'asar mu share, mu ɗaure raga da igiyar shanu.

Dokar Baba ɗaya ce: wanda ke bakin raga ba ya waiwayar abokinsa na baya.

"Shekarun da na yi da abokina, ban san yadda fuskarsa take in yana duka ba," in ji shi. "Numfashinsa nake ji, ya ishe ni."

Ni kuwa duk littattafaina sun koya mini cewa so daga ido yake farawa.

Da ma'aikatan kwastan na Maigatari suka nemi wasa da mu, Baba ya ce sista ce gwanarmu, sai a nemo mata abokin wasa. Mu biyu muka rage, ni da wani likitan dabbobi da ke zuwa daga Sule Tankarkar a babur, yana warin maganin kaska. Ban ɗauke shi abokin hamayya ba. Ban taɓa karanta littafin da irinsa ya ci nasara ba.

Ranar gwaji na fesa turaren Nijar har Baba ya yi atishawa. Ya tsayar da ni bakin raga, sista a bayana.

"Ɗana, in ka waiwaya ka fita."

"Baba, ko zaki ne a bayana."

"Ai da zakin ne da ban damu ba."

Na daure. Ina jin takun ƙafarta, ina jin ƙarar awarwaronta. Sai ta ja numfashi za ta daka, irin numfashin da marubuta ke ɓata shafi guda a kansa. Wuyana ya juya da kansa. Na ga fuskarta kuwa: ta ciji leɓe, ta murtuke kamar za ta yi wa ƙato allura. Abin da na gani ke nan kafin ƙwallon ta same ni a karan hanci.

Ita ta toshe mini hancin da auduga.

"Malam, ka ga abin da kake nema?"

Likitan dabbobi ya maye gurbina. Ya kafe bakin raga kamar turke, har aka tashi bai ko karkata kunne ba. Suka je Maigatari suka ci kwastan. Kafin kaka ta zagayo na je bikinsu, Baba ya sa ni rabon lemo.

Bayan shekaru na gamu da ita a Gagarawa Tasha, ta zama babbar sistar asibitin yankin, tana jiran mota da 'ya'ya a gefe. Muka gaisa, ta tambayi hancina. Na tambayi maigida. Ta nuna mini shi can yana duba bakin wani rago, ya ba mu baya. Ta kira shi, ta sake kira.

"Ka gani ko? Har yau haka nake fama. Da ma ya koyi waiwaye a wurinka."