Hajiya Mansura, Wadda Ta Hana Ni Zama a Mota

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Mayu 2024, Allah Ya karɓi ran Hajiya Mansura Halliru Tsafe, ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje a wani asibitin kuɗi da ke Sabon Garin Gusau, bayan jinyar kwana tara.

Hajiya, shekara goma sha ɗaya muka yi da matata Saude ba haihuwa. Kamar sauran mazan wurinmu, nakan kai ta asibiti in zauna a mota, don a ganinmu gwajin haihuwa na mata ne. Ke ce kika fito har bakin titi kika ƙwanƙwasa mini gilashi.

"Malam Mas'udu, mi kake gadi a nan? Ita kaɗai za ta haifi ɗan? Shigo."

Kika gwada jinina da maniyyina, har sau biyu. Sannan kika zaunar da ni, kika ce lafiyar Saude ƙalau. Garkuwar jikina ce, wadda Allah Ya yi don yaƙar cuta, ta ɗauki ƙwayoyin haihuwata a matsayin baƙi, tana manne musu har su dunƙule su kasa tafiya. Kika ce wataƙila raunin da na taɓa ji a maraina a wata faɗuwar babur ne ya jawo. Na yi shekaru ina aikin jarida ina yi wa mutane tambayoyi, amma ranar ko ɗaya ban iya yi ba.

Sau uku likita ya sa kika wanke maniyyin aka sanya a mahaifar Saude, sau uku ciki bai kama ba. Ba ki taɓa yi mana alkawarin ƙarya ba. Kikan ce, "Mun yi namu, saura na Allah," ki riƙe hannun Saude har ta gama kuka.

Abu ɗaya kika nace a kai: in gaya wa mahaifiyata. Har yau Inna tana aiko wa Saude da jiƙe-jiƙe daga Nahuce, dangi suna kallonta da laifin da ba nata ba, ita kuma tana sha don ta rufa mini asiri. Na ce Inna ba za ta yarda daga bakina ba, za ta ce kare matata nake yi. Kika ce za ki raka ni. Sau huɗu ina ɗaga ranar, har kika kwanta ciwo.

Yanzu ba ni da mai raka ni, ba ni kuma da tabbacin akwai maganin da zai yi mana. Abin da na iya shi ne rubutu, kuma na san za a karanta wa Inna wannan. Inna, matsalar daga gare ni take. Ki yi haƙuri, ki daina aiko wa Saude magani.

Allah Ya jiƙan ki, Hajiya, Ya yalwata kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Alhaji Rabi'u, da 'ya'yanki Ikhlas da Yazid, da dukan dangi na Tsafe. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki, amin.

Mas'udu Jatau Nahuce, Gusau